Fihirisa da Makomar Takardun Ƙasar Tasawa

Gabatarwa

Duk malamin tarihi da ya taɓa ɗora wa ɗalibansa aikin bincike a kan garin Tasawa ya san amsar da sukan komo da ita, wato babu littattafai. Ɗaliban ba ƙarya suke yi ba, amma amsar tasu ba ta cika ba. An yi rubutu mai yawa a kan Tasawa da Mayahi da Maraɗi, cikin Larabci da ajami da Jamusanci da Faransanci da Ingilishi, har na tsawon fiye da shekara 170. Abin da ya yi ƙaranci shi ne takardar da za ta gaya wa mai nema abin da aka rubuta, da wanda ya rubuta shi, da wurin da yake ajiye. Wannan takarda ita ake kira fihirisa. Maƙalar nan za ta bi tarihin wannan sana'a a ƙasar Hausa, a ɓangarori biyu na iyakar Nijar da Najeriya, domin a ga cewa tara littattafai abu ne da himmar mutum guda kan iya yi, alhali jera su yadda za a same su sai da shiri mai nisa da kuma horar da mutane.

Fihirisa kafin zuwan Nasara

Kalmar fihirisa ta shigo Hausa ne daga Larabci, kuma aikin da take nufi tsoho ne a duniyar Musulmi. A wajejen shekarar 987, wani mai sayar da littattafai a Bagadaza, Ibn Nadim, ya jera sunayen littattafan Larabci da ya sani tare da mawallafansu, fanni bayan fanni, ya sa wa aikin nasa suna Al-Fihrist. Da yawa daga cikin littattafan da ya ambata sun ɓace, ba a san da su ba a yau sai ta dalilin wannan jeri.

Malaman Afirka ta Yamma su ma suna da tasu hanyar. Ahmad Baba na Tambutu (1556-1627) ya tattara tarihin malaman mazhabar Malikiyya da abin da suka wallafa. A shekarar 1812 Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a hannun kowannensu, kuma a cikin shekarar Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, wanda ya ƙunshi labarin malaman ƙasashen Sudan. Irin wannan fihirisa tana bin silsila ne: wane ya karanta littafi kaza a wajen wane. Tana kiyaye sunan littafi da hanyar da ya biyo, sai dai ba ta faɗin a wace adaka kwafinsa yake.

Dalilin haka a fili yake. Littafin malamin zaure warƙoƙi ne waɗanda ba a ɗinke ba, a sa su cikin tadarishi, a zura cikin gafaka, a jera gafakun cikin adaka. Abin da ke riƙe da tsarin shafuka shi ne kalma ɗaya da marubuci kan sa a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba zai fara. Fihirisar dukan adakar kuwa tana cikin kan mai ita. Ranar da ya rasu, magada su raba littattafan kamar sauran dukiya, wani lokaci har a raba littafi guda gida biyu. Abin da rabon gado ya bari, gara da ruwan damina da gobara su samu rabonsu.

Ƙasar Tasawa ta gaji wannan al'ada daga Katsina, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, manyan malaman ƙarni na 17. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a wajejen 1807, gidan tsohuwar sarauta ya yi hijira zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi a wajejen 1819. Tasawa, wadda ke kan hanyar ayarin Agadas zuwa Katsina da Kano, ta kasance cikin wannan daula. Ta irin wannan hanya ce takardar rubutu ke shigowa daga Italiya ta Tarabulus, mai ɗauke da tambarin jinjirin wata uku idan an ɗaga ta a hasken rana. Wannan tambari na cikin abubuwan da masana ke dubawa a yau don su kimanta shekarun rubutun da ba shi da kwanan wata.

Gari ɗaya, ma'ajiya da yawa

Rubutun Nasara a kan Tasawa ya fara da Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe wanda ya sauka a garin cikin watan Janairu na 1851, kafin ya wuce Gazawa da Katsina da Kano. Labarin tafiyarsa ya fito cikin mujalladi 5 a 1857 da 1858, da Jamusanci da Ingilishi. A watan Yuli na 1899, rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa ta kashe bayin Allah tun daga bakin Kwara, ta zo ƙarshenta a ƙasar Tasawa: an kashe Kanar Klobb a Dankori, sa'annan sojojin rundunar suka kashe shugabannin nasu biyu a yankin Maijirgi. Takardun wannan al'amari suna Faransa. Daga 1906 kuma ayarin Tilho ya bi iyakar da Faransa da Ingila suka yanka a tsakiyar ƙasar Hausa, kuma tafintansa Landeroin ya rubuta labaran sarautun yankin daga bakin dattawa, aka buga su a Paris a 1911.

Tasawa ta zama mazaunin kumandan kafin a mayar da shi Maraɗi a shekarun 1920. Rahotannin kumandodi, da ƙidayar haraji, da bayanan da suka rubuta kan kowace gunduma, wasu suna ma'ajiyar takardun ƙasa ta Yamai, wasu suna Dakar, babban birnin mulkin Faransa na Afirka ta Yamma, wasu kuma suna Aix-en-Provence a kudancin Faransa. Abin da jami'an Ingila suka rubuta kan hulɗar Katsina da makwabtanta na arewa yana Kaduna. Bayan samun mulkin kai, Philippe David ya yi nazarin tsohuwar daular Maraɗi a 1964, Guy Nicolas ya yi nazarin zamantakewar Hausawan yankin, Yusufu Bala Usman ya fitar da tarihin Katsina a Zariya a 1981, Emmanuel Grégoire ya rubuta kan alhazan Maraɗi a 1986.

Bayan nisan wuri, akwai matsalar suna. Faransawa sun rubuta Tessaoua, Jamusawa Tessaua, Ingilishi Tasawa ko Tassawa. Haka Mayahi da Tsibiri da Gazawa, kowanne yana da fuska biyu ko uku a takarda. Ɗalibin da ya nemi suna ɗaya ba zai ga abin da aka jera a ƙarƙashin sauran ba, sai idan wani ya riga ya zauna ya haɗa su, ya rubuta cewa duk gari ɗaya ake nufi. Wannan haɗawa na cikin ainihin aikin mai fihirisa.

Abin da aka yi a kudancin iyaka

A Najeriya, maganar horar da ma'aikatan ɗakin karatu ta taso tun kafin mulkin kai. A 1953 hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan kan bunƙasa ɗakunan karatu a Afirka. A 1957 gidauniyar Carnegie ta Amurka ta aiko Harold Lancour ya zagaya ƙasashen da Ingila ke mulka a Afirka ta Yamma, kuma bisa shawararsa aka buɗe makarantar koyon aikin ɗakin karatu a Jami'ar Ibadan, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 1960. Gwamnatin Jihar Arewa ita ma ta sa F. A. Sharr ya duba bukatunta, ya miƙa rahoto a 1963. A 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta buɗe nata sashen, kuma daga nan ne ɗakunan karatun Arewa suka riƙa samun ma'aikata.

A gefe guda kuma aikin rubuce-rubucen Larabci yana tafiya. W. E. N. Kensdale ya buga fihirisar rubutun hannu na ɗakin karatun Ibadan tsakanin 1955 da 1958. A 1964 aka kafa cibiyar tattara takardun Larabci a Ibadan, inda John Hunwick ya yi aiki, haka kuma shirin binciken tarihin Arewa ya kankama a Zariya, wanda Abdullahi Smith da Murray Last suka yi wa hidima. A 1965 aka buga fihirisar abin da ke gidan tarihi na Jos da ɗakin karatu na Lugard a Kaduna. Ƙananan jerin nan su ne tubalan da Hunwick ya gina babban kundinsa na 1995 da su, wanda ya jera mawallafan Sakkwato da Katsina da Kano da Barno da ayyukansu, tare da faɗin ma'ajiyar da kowane kwafi yake.

Ba a ce komai ya tafi daidai a can ba. Karyewar tattalin arziki a shekarun 1980 ta hana jami'o'in Najeriya sayen littattafai da mujallu na ƙetare, kuma ayyuka da yawa sun tsaya. Duk da haka jerin matakan ya cancanci a lura da shi: an fara da binciken bukata, aka bi da makaranta, aka samu ma'aikata, sa'annan aiki ya riƙa taruwa bisa aiki.

Abin da aka yi a Nijar

Ƙasashen da Faransa ta mulka sun bi hanyar makaranta ɗaya domin kowa. A 1963 aka buɗe cibiyar horar da ma'aikatan ɗakin karatu a Dakar da taimakon UNESCO, a 1967 ta zama makarantar EBAD a ƙarƙashin Jami'ar Dakar. Ɗan Nijar da ke son wannan sana'a sai ya tafi Senegal ko Faransa, kuma ba kowace shekara ake samun mai zuwa ba. Sai daga baya cibiyar IFTIC ta Yamai ta shiga koyar da aikin adana takardu. Ita kanta jami'a ba ta samu ba sai a 1971, a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama Jami'ar Yamai a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992.

Tara takardu kuwa ya riga jami'a. Reshen cibiyar bincike ta IFAN ya buɗe a Nijar a 1944, kuma Boubou Hama (1906-1982) ya shugabance shi a shekarun 1950. Da ya zama shugaban Majalisar Dokoki, muƙamin da ya riƙe daga 1958 har juyin mulkin 1974, bai daina neman tsofaffin takardu ba. Ya nemi rubuce-rubucen Larabci da na ajami daga hannun malamai a cikin Nijar da ƙasashen makwabta, wasu ya samu asalinsu, wasu aka kwafa masa, ya tara su a ginin majalisa. A shekarun 1970 aka mayar da su cibiyar bincike wadda ta gaji IFAN, wato IRSH, wadda ta shiga ƙarƙashin jami'a a 1974. Tarin ya kai kimanin rubutu 4,000. A wannan zamani ne kuma, a 1968, aka kafa cibiyar tattara labaran baka a Yamai, wadda aka sani yau da CELHTO.

Da ba don himmar wannan dattijo ba, da yawancin takardun nan sun bi hanyar ƴan'uwansu. Amma cikakkiyar fihirisar tarin a buge ba ta fito ba sai tsakanin 2004 da 2008, cikin mujalladi 8, aikin Moulaye Hassane, wanda gidauniyar Al-Furƙan ta Landan ta ɗauki nauyin bugawa. Wato shekara 30 ke nan tsakanin saukar Boubou Hama daga majalisa da fitowar mujalladi na farko. A tsawon wannan lokaci masu bincike sun dogara ne ga rajista da taƙaitattun jeri da kuma sanin ma'aikatan wurin. Irin wannan jinkiri bai tsaya ga Nijar ba. Littattafan gidan Alhaji Umaru Futi da sojojin Archinard suka kwashe daga Segu a 1890 sun jira shekara 95 kafin a buga cikakken jerinsu a 1985. Ko a ina ne, abin da ke kawo jinkirin ɗaya ne, wato ƙarancin mutumin da ya haɗa ilimin zaure da ƙa'idojin fihirisa na zamani.

Abin da ake koya wa mai fihirisa

Ƙa'idojin da ake koyarwa a makarantun wannan sana'a an tsara su ne domin littafin ɗab'i, wanda ke zuwa da sunansa da na mawallafi da garin bugawa da shekara a shafin farko. Tsarin lambobi na Melvil Dewey ya fito a Amurka a 1876, tsarin da Otlet da La Fontaine suka gina a kansa a Beljiyam ya fito a 1905, ƙa'idar bayanin littafi ta duniya kuma ta fito a 1971. Sun yi amfani ƙwarai, domin da su ne ɗakunan karatu na ƙasashe dabam-dabam ke fahimtar juna. Sai dai suna ɗauke da tabon inda aka haife su. A tsarin Dewey, Baibul da addinin Kirista sun mamaye lambobi daga 220 zuwa 289, alhali Musulunci dukansa, da tafsiri da hadisi da tauhidi da tasawwufi, an cusa shi cikin 297. Harshen Hausa kuma yana can a 493.72. A ɗakin karatun da rabin kayansa na addinin Musulunci ne da Hausa, kanta biyu za su cika su tumbatsa, sauran su zauna wayam.

Rubutun hannu ya fi wannan wuya. Sau da yawa ba shi da suna, ba shi da shekara, warƙar farko ta ɓace. Dole mai aiki ya gane littafin daga jimlar da ya fara da ita da wadda ya ƙare da ita, ya rarrabe mawallafi da wanda ya kwafa da wanda ya mallaka, ya auna girman takarda, ya ƙidaya warƙoƙi da layuka, ya duba tambari da irin hannu da launin tawada. Idan waƙar ajami ce, sai ya san Hausa har da karin harshen yankin, domin harafi ɗaya kan tsaya a madadin sauti biyu ko uku. Sa'annan ya yanke shawara kan suna: Usmanu ɗan Fodiyo, ko Usman bin Fudi, ko Ousmane dan Fodio? Ko a boko ma, Nijar tana rubuta ƴ inda Najeriya ke sa 'y, kuma kwamfutar da ba a shirya ta ba takan ɗauki ƙasa da kasa a matsayin kalma ɗaya, ko ta kasa gane ɗayarsu.

Ma'ana, mai fihirisar ƙasar Hausa yana bukatar Larabci da ajami da boko da Faransanci, har da ɗan Ingilishi. Tsarin ilimi kuwa ya raba waɗannan gida biyu. Almajirin da ya sauke littattafai a zaure ba ya samun shiga makarantar koyon aikin ɗakin karatu, wanda ya fito daga lakwal kuma ba ya karanta ajami. Ɗaliban makarantun Faransanci da Larabci, da waɗanda suka fito daga Jami'ar Musulunci ta Sayi da ta buɗe a 1986, su ne suka fi kusa da haɗa ɓangarorin biyu.

Abin da ya rage

Abin da ya faru a Tambutu ya nuna abin da ke cikin hatsari. A watan Janairu na 2013, ƴan bindigar da suka mamaye garin sun ƙone ko sun kwashe kimanin rubutu 4,000 daga cibiyar Ahmad Baba, yayin da iyalai da ma'aikata suka riga suka fitar da mafi yawan takardun garin zuwa Bamako a ɓoye. Abin da ke cikin rajista an san an yi asararsa, ana iya neman kwafinsa a wani wuri. Abin da ba a taɓa rubuta sunansa ba ya tafi ba tare da an san ya taɓa wanzuwa ba. A ƙasar Tasawa da Mayahi ba a bukatar yaƙi kafin a yi irin wannan asara, damina ɗaya mai ƙarfi a ɗakin da ke yoyo ta isa.

Kada kuma a raina adakar malami guda. Tarin Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962, ya haura rubutu 3,000. Yana Jami'ar Northwestern ta Amurka, kuma saboda an yi masa fihirisa masana ke gane abin da malamin Kano na wancan zamani ke karantawa da abin da yake koyarwa.

Tun 2010 jihar Maraɗi tana da jami'arta, wadda daga baya aka sa wa sunan Dan Dicko Dankoulodo. Tarihin da ya gabata yana nuna abin da ya kamata shirin ɗakin karatunta na dogon lokaci ya ƙunsa. Gini da kwamfuta ana iya samunsu cikin shekara ɗaya idan kuɗi sun zo, horar da mutum kuwa yakan ci shekaru, saboda haka da mutum ya kamata a fara. Na biyu, a tsayar da jeri guda na sunayen garuruwa da na mawallafa, kowanne da dukan siffofin rubutunsa. Na uku, a tara bayanin duk abin da aka rubuta kan yankin, ko yana Yamai ko Dakar ko Aix ko Kaduna, tun kafin a yi maganar samo kwafinsa. Na huɗu, a yi aikin tare da Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato, tun da iyakar 1906 ta ratsa tarihi ɗaya ne. Ɗaukar hoton takardu da na'ura yana da kyau, amma hoto 10,000 marasa suna a cikin kwamfuta adaka ce kawai ta zamani.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da rabo a cikin wannan aiki wanda jami'a ba za ta iya ɗauka ba. Magada ba sa sakin littafin kakansu ga baƙo, kuma suna da hujja, domin an sha karɓar aro ba a mayar ba. Amma sukan yarda ɗan gari ya zauna a zaurensu ya rubuta sunan littafi, da farkonsa da ƙarshensa, da yawan warƙoƙinsa, ya bar musu kayansu. Malamin Larabci ɗaya da malamin Hausa ɗaya, da littafin rajista, suna iya gama adaka guda cikin hutu ɗaya.

Kammalawa

Daga Ibn Nadim zuwa Moulaye Hassane, masu fihirisa ba su cika yin suna kamar mawallafa ba, amma ta hannunsu ne mawallafa ke isa ga na baya. Nijar ta samu mai tarawa tun da wuri, ta daɗe tana jiran mai jerawa. Takardun ƙasar Tasawa suna nan, wasu a ma'ajiyoyin ƙetare, wasu a zaurukan unguwanni, kuma dattawan da suka san abin da ke cikin kowace gafaka suna raguwa kowace shekara. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaran da za su karanta waɗannan warƙoƙi nan da shekara 20 suna cikin azuzuwa da zauruka a yau, kuma yanzu ne ya kamata a zaɓe su a fara koya musu.